Yajin Baba a Tsohuwar Waya

Duk mai gasa nama a Tamanrasset ta Aljeriya yana da wuta da wuƙa, amma ba kowa ke da yaji ba. Nawa na gada ne daga mahaifina a Damagaram, kuma shi ke sa Larabawa da Buzaye su wuce tukuba uku su tsaya a tawa. Har ta taubashina, ɗan goggona, suke wucewa. Yana gashi a tsallaken titi, kullum yana ce mini hayaƙina ne ke korar masa mutane.

Baba bai taɓa faɗa wa kowa haɗin ba sai 'ya'yansa maza. Da tsufa ya kama shi, na je gida na ɗauke shi a bidiyo yana daka. Yana zuba kowane abu yana kiran sunansa, yana zagina wai na riƙe waya kamar mai riƙon kaza, yana dariya. Da na komo, mai gyaran salula ya ce in ajiye hoton a gajimare, wato ma'ajiyar intanet, ko waya ta faɗa wuta ba zai ɓace ba. Na tambaye shi wa ke gadin wurin. Ya ce lambar sirri ce makulli, kuma ni kaɗai ke da ita. Na zaɓi lamba mai wuya, har ni kaina sai na yi tunani kafin in tuna.

A wurinmu waya ba ta mutuwa, gangarawa take. In ka sayi sabuwa, tsohuwar ta ɗan'uwa ce. Na goge hotunan da ke cikin tawa na miƙa wa taubashin. Ban san cewa ƙofar gajimaren tana nan a buɗe a cikinta ba.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko, ina hura gawayi, sai na ji muryar Baba daga tsallaken titi yana cewa, "Kimba kaɗan, kar ta yi ɗaci." Na tsallaka da mafici a hannu, mota ta kusa kwashe ni.

Na same shi zaune a kan benci, waya a cinya.

"Ɓarawo," na ce. "Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka ba ni. Kai da makullinka mai wuya, ka kulle ƙofa ka ba ni ɗakin."

Na dangwali yajinsa na ɗanɗana. Yana nan yadda na san shi, barkono da gishiri da ƙarfin hali. Haushi ya sake ni, mamaki ya kama ni.

"To me kake kallo, in ba ka ɗauki komai ba?"

"Wa ya damu da yajinku? Ai ni hannunsa ma ban kalla ba." Ya mayar da hoton baya kaɗan, daidai inda Baba ke dariya. "Saurara. Kawu dariyar Inna yake yi sak."

Goggo ta rasu taubashin yana nan Tamanrasset, bai samu zuwa jana'iza ba, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar muryarta.

Ya miƙo mini wayar. "Kai wa mai gyara ya rufe ƙofar. Amma bari in ƙara ji sau ɗaya."

Na zauna kusa da shi a bencin. Muka saurara tare, gawayina yana ta cinyewa a tsallaken titi.