Tsawar Gwaggo Asabe a Ɗakin Bakwaini

Kafin rana ta yi zafi Gwaggo Asabe ta sauka daga motar Malali, goronta ƙulle a bakin zane, ta shiga ƙaramin asibitin haihuwa inda take aiki tun zamanin Turawa. Ba nas ba ce, ba kuma ungozoma mai takarda ba. Mai taimako ce a ɗakin bakwaini, inda ake ajiye jariran da suka zo duniya watanninsu ba su cika ba. Tana shiga sai ta ɗora tukunya a risho, ta tafasa ƙananan kofuna da cokula. Ta wanke hannuwa har gwiwar hannu. Sannan ta bi gadajen tana taɓa tafin ƙafar kowane jariri da bayan yatsa, ta ji ko akwai wanda jikinsa ya yi sanyi. In numfashin wani bai yi mata ba, ta kira nas. In duk lafiya, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta buɗe ƙofar ɗakin masu jego, ta fara faɗa.

Da faɗan nan aka san ta. Daga Doka har Kawo, matan da suka taɓa kwanciya a wurin Asabe Barkono suke ce mata, surukansu kuwa abin da suke kiranta ba zai rubutu ba. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Na tambaya ko an shirya mata wani taro, aka ce babu. Wannan bai dame ni ba, taro ba ya raya jariri. Abin da ya hana ni sukuni shi ne da na tambayi wadda za ta maye gurbinta, sai aka ce ana dubawa. Mun san wannan amsa a ofisoshin garin nan. Ana dubawa har ciyawa ta fito a kan magana.

Ina so masu karatu su san abin da ke cikin faɗan nan kafin ya ɗauke. Zan ba da labarin yarinya ɗaya. Zan kira ta Hasiya, ba sunanta ba ne, kuma za ku ga dalilin sakayawa.

Hasiya matar wani akawu ce mai suna Yusha'u, a Unguwar Rimi. Cikin fari gare ta. Da ya shiga wata na bakwai ƙafafunta suka kumbura, hannu ya biyo baya har zobe ya ƙi fita, sannan fuska. Kanta yana sara, idonta yana ganin wuta-wuta. Ba ta gaya wa kowa ba. Ina mai cikin fari za ta buɗe baki ta yi zancen ciki a gaban miji, balle uwar miji? Hajiya Balki, mahaifiyar Yusha'u, ta zo daga Katsina tana jiran lokacin da za a kai Hasiya gidan iyayenta goyon ciki. Ta ga kumburin, ta ce alamar ɗa namiji ce. Ba mugunta ta yi ba, haka ta tashi ta ji ana faɗa. Shi kuwa Yusha'u ya san akwai awo a asibiti, amma ya bar zancen ga mata, matan kuma suka bar shi ga Allah.

Ranar da Hasiya ta tashi ta kasa ganin ƙofar ɗakinta aka ɗauko mota. Likita ya auna jininta, ya duba fitsarinta, ya ce hawan jinin masu ciki ne, kuma ya yi nisa. Ya ce ciwon ba ya sauka sai an raba uwa da abin da ke cikinta, in an jira kuma jijjiga za ta kama ta, a rasa su duka biyu. Aka yi mata tiyata. Namiji ne, kamar yadda Hajiya ta ce, sai dai ba shi ya kawo kumburin ba. Ana ganin jijiyoyinsa ta cikin fata, kukansa kamar na ɗan kyanwa. Aka sa shi a kwalba, akwatin gilashin nan da ke riƙe wa bakwaini ɗumi.

Jariri irin wannan ba shi da ƙarfin kama nono. Sai uwa ta tatsa da hannu a kofi, nas ta ba shi ta siririyar roba da aka zura masa ta hanci. Kuma sai ta yi ta tatsa a kai a kai, in ba haka ba nonon ya ƙafe kafin yaron ya yi ƙarfin nemansa. In ya ƙafe, abin da ya rage shi ne madarar gwangwani da bulumboti, waɗanda ake yi mana tallansu dare da rana kamar su ne ci-gaba. Tambayi kowace nas abin da gudawa take yi wa bakwaini. Ba ta ɗaukar lokaci.

Abin da ya faru bayan haka Mairo ce ta ba ni labari, matar wani direba Bakano, wadda gadonta ke kusa da na Hasiya, haihuwarta ta huɗu. Ta ce da Hasiya ta fara iya tashi, Gwaggo ta leƙo ta kira masu tatsa. Kowa ta miƙe, ban da Hasiya. Tana kwance ta juya wa ɗakin baya, Hajiya Balki da wata ƙanwarta suna zaune a tabarma kusa da gadon.

Hajiya ta ce, "Baiwar Allah, ƙyale ta. Ɗan fari ne. Yarinya ce mai kunya, gidan mutunci ta fito. Ga madara nan uban ya sayo, ku ba shi. Nonon mai ciwo ma ai ba a yi masa gaggawa."

Gwaggo ba ta dubi gwangwanin ba. Mairo ta ce Hasiya take kallo, gaban rigarta ya jiƙe, kuma duk lokacin da wani jariri ya yi kuka a ɗaya ɗakin sai kafaɗarta ta motsa. Sai kawai Gwaggo ta ɗaga murya.

"Ke, tashi. Nan ba ɗakin uwarki ba ne da za ki miƙe ƙafa ana yi miki fifita. Ni zan tatsa miki? Kin ga na yi kama da saniya? Tashi, ko in kira likita ya zo ya tashe ki da kansa."

Hajiya ta ce, "Haba, baiwar Allah, jiya-jiya aka yanka ta."

"Ni ma ina nan aka yanka ta, Hajiya. Ba ƙafarta aka yanka ba."

Ta kama hannun Hasiya ta tashe ta, ta tasa ta gaba tana mita har suka shige ɗakin bakwaini, ta turo ƙofa. Mairo tana ciki tana tatsa nata. Ta ce ƙofar na rufuwa muryar Gwaggo ta faɗo ƙasa kamar ba ita ba.

"Zo nan, 'yata. Ga shi. Wanke hannu ki sa ta nan ki taɓa shi. Ba mai ganin ki. Wannan Mairo ce, ba ta da ido."

Mairo ta ce, "Ni ai makauniya ce tun haihuwata ta biyu."

Hasiya ta sa yatsa a tafin hannun yaron, ya riƙe. Ta yi kuka har ɗinkinta ya fara yi mata zafi. Gwaggo ta bar ta ta gama, sannan ta kawo kofi da tsumma mai ɗumi ta nuna mata yadda ake yi. Abin da ya fito bai cika cokali ba, dakashi ne, ruwan nonon farko mai kauri da muke zubarwa a gidajenmu muna cewa ƙazanta ne. Gwaggo ta ɗauke shi da hannu biyu ta kai wa nas.

Tun daga ranar, duk lokacin tatsa sai Gwaggo ta zo da tsawarta. Hasiya ta tashi tana jan ƙafa kamar wadda za a kai kurkuku, Hajiya tana tsaki. Tana shige ƙofa kuma sai Gwaggo ta ce, "A hankali, kada ki farke mini ɗinki."

Wannan ne aikinki, Gwaggo. Ke ce kika gane cewa yarinyar da al'ada ta ɗaure ba a ce mata ta kwance kanta a gaban surukai. Sai ki zo ki fizge ta da ƙarfi, kowa ya ga dole aka yi mata, kunyarta ta tsira, ɗanta ya sha. Garkuwar masu ɗan fari, kin tare musu zagi da bayanki tun kafin a haifi wasunmu.

Kuma ba a banza kika yi ba, kin biya. Yusha'u ya ji ƙorafin mahaifiyarsa, ya je wurin babbar sista ya ce ana wulaƙanta masa iyali. Aka kira Gwaggo aka yi mata faɗa a tsaye. Ta ce, "To, Sista." Nas Rahmatu, wadda ta daɗe tana aiki da ita, ta tare ta a baranda ta ce don me ba ta yi bayani ba.

Gwaggo ta ce, "In na yi bayani, gobe da wace fuska yarinyar za ta tashi? Gara a ce ni ce marar mutunci da a ce ita ce marar kunya."

Yaron bai miƙe nan da nan ba. Ran suna aka yanka rago a Unguwar Rimi, aka raɗa masa Abdurrahim, ba uwa ba ɗa a gidan, masu barka suna yi da rabin baki. A makon da ya biyo baya ya rame maimakon ya ƙaru. Wani lokaci numfashinsa ya tsaya sai an murza masa tafin ƙafa. Jinin Hasiya ya ƙi sauka, fargaba ta sa nonon ya ja baya. Hajiya ta aiko da kunun kanwa, Gwaggo ta mayar, don likita ya hana mai hawan jini kanwa, aka sake yin wata rigimar a kan wannan. Wata rana da hantsi wuta ta ɗauke, kwalba ta fara hucewa. Rahmatu ta ce Gwaggo ta ciro yaron ta kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, ta lulluɓe su da zane, ta tsaya a bakin ƙofa tana korar duk wanda ya matso. A ranar nonon ya dawo. Daga roba aka koma cokali. Daga baya, wata safiya, ya kama da bakinsa, ya ɗan ja, ya gaji, ya yi barci. Mairo ta ce Gwaggo ta juya ta hau wanke kofunan da ta riga ta wanke.

A nan zan tsaya in yi nawa faɗan. Ba na gaba da kunya. Amma kunyar da ke hana mace cewa kaina yana ciwo har jini ya kusa kashe ta, wannan ba tarbiyya ba ce, sakaci ne muka sa masa riga. Kumburin fuska da hannu ga mai ciki ba albishir ba ne. Ciwon kai mai tsanani da ganin wuta-wuta ba na zama a gida ba ne. Mu mazan da muka je makaranta mun fi kowa laifi, don mun sani muka yi shiru, muna gudun kada a ce mun shiga harkar mata. Muna gina ofisoshi masu hawa-hawa, ran jariri kuma yana rataye a maƙogwaron tsohuwa ɗaya.

Da aka zo sallama, hankalin Gwaggo bai kwanta ba. Likita ya ce kada a yi nisa da yaron, don haka Unguwar Rimi za a koma, ba gidan iyayen Hasiya ba. Can kuwa gida cike yake da 'yan barka, Hajiya a tsakiya, ba ƙofar da za a turo. Bakwaini ba ya kuka da ƙarfi ya nemi nono, barci yake yi, sai an tashe shi. In Hasiya ta zauna jiran a ce mata, kuma ba wanda ya ce, mun san ƙarshen zancen.

Gwaggo ta tare Hajiya a gaban kowa, ba sassauci a fuskarta.

"Hajiya, yarinyar nan taku sai da tsawa. In kin bar ta da kunyarta, yaron nan ba zai kai arba'in ba, kuma ke za a tambaya. Ki riƙa kora ta ɗaki ta ba shi, ko yana barci. In ba za ki iya ba ki faɗa mini yanzu."

Mairo ta ce kowa yana jiran Hajiya ta fashe. Hajiya ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ce, "Zan iya. Ni ma na yi ɗan fari." Ta ɗauki kwanukanta ta yi gaba.

Abdurrahim bai fita daga hatsari ba tukuna. Har yanzu ɗan mitsitsi ne, ana kawo shi awo kowane mako, tari ɗaya zai iya mayar da shi kwalba. A ɗakin bakwaini kuma akwai wasu kwance, biyu daga cikinsu 'ya'yan fari, kuma wata yana ƙarewa.

Gwaggo Asabe, mun gode. Allah ya saka miki da abin da ba mu iya ba ki ba, ya ba ki hutu mai lafiya, ya sa 'ya'yan da kika tsaya wa su yi miki addu'a ko ba su san sunanki ba. Ku masu dubawa a ofis, ku gama dubawa kafin ranar ta zo, ku kawo mace ta zauna da ita ta koya. Ku kuma iyayenmu da ke zaune a tabarma kusa da gadon mai jego, ba sai an ɗauke ku aiki ba. Maƙwabtan Yusha'u sun ce kwanakin nan ba a rabuwa da jin muryar Hajiya Balki ta kan katanga, tana cewa, "Ke Hasiya, sai na zo na ɗaga ki? Shiga ki ba yaron nan nono, ki rufe mana ƙofa."