Wasiƙar da Kawu ya ɓoye a rumbu

Jama'a, ku ji abin da Kawu ya yi min!

Wata huɗu ina sintiri daga Kakangi zuwa gidan waya a Birnin Gwari, ina jiran amsar karatun mulki da na nema a jami'a. Shiru!

Yau muna ɗibar dawa a rumbu, sai ga ambulan mai hatimin gwamnati. Sunana a jiki!

Na ce, "Kawu, mene ne wannan?"

Ya ce, "Masinjan hakimi ya kawo tun girbi. Sammaci ne. Ni zan bari a ɗaure ɗan ƙanwata?"

Na farke ambulan. An ɗauke ni, har da tallafin karatu! Amma wa'adin mayar da amsa ya wuce tun Juma'a.

Ina tsaye, Kawu ya dafa ni: "Ka gani? Har yau ba su zo kama ka ba."