Wanda Aka Tura Gaba

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, lokacin da duk wanda ya iya sa hannu a takarda yake neman babur, ni masinja ne a wani kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse a Gombe. Firamare kawai na gama. Aikina in kai wasiƙa, in karɓo amsa, in tsaya a bakin ƙofa har a tuna da ni. Na tsani aikin nan, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Injiniyan kamfanin Bature ne ɗan ƙasar Norwe, dogo, busasshe, ya ba hamsin baya. A GRA yake zaune. Kullum da sassafe yakan fito da gajeren wando da dogayen sanduna biyu, ya nufi kwarin da ke bayan unguwar Arawa, ya yi ta hawa yana sauka cikin rairayi yana dogara su. Mutanen unguwa suka yanke hukunci cewa in ba ƙafa ce ke damunsa ba, to kai ne. Daga baya ya gaya mini cewa a ƙasarsu shi ɗan tsere ne. Ba gudu irin namu ba. Ana ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa, a riƙe sanduna, a yi ta zamiya a kan dusar ƙanƙara ta cikin daji, tafiyar da za ta kai daga Gombe zuwa Kumo. Ya yi shekaru yana yi wa ƙasarsu wannan tsere kafin gwiwa ta ajiye shi. Ni da ban san wata ƙanƙara ba sai wadda ruwan sama ke zubowa da ita, na ce Allah mai iko.

Wata rana ya manta da wata takarda da ya kamata ta bi jirgin ƙasa. Na fizge ta na ruga tasha, na dawo ko haki ba na yi. Ya duba agogonsa, ya dube ni, ya ce gobe in same shi a bakin kwari. Na je da ɗan kawuna, wanda na girme shi da shekara uku. Abokin wasana ne, bai taɓa buɗe baki ya ce mini Yaya ba, sai dai ya kira ni mai ƙafar zalɓe.

Shekara guda cur Baturen nan yana horar da mu biyu a gudun fanfalaki, ta cikin gonaki da kwazazzabai. Hausarsa gajeriya ce, amma ta ishe shi faɗa. Doka ɗaya ya nanata mana har muka riƙa mafarkinta: kada a fara da ƙarfi. In na yi zumuɗi na wuce, sai ya ɗaga sanda ya ce, "A hankali! Ajiye numfashi, za ka neme shi." Ya koya mini yadda ake hawan tudu da gajeren taku, da yadda ake sauraron numfashin wanda ke bayanka ba tare da ka waiwaya ba. Da hannunsa ya taɓa cire mini ƙaya a dunduniya. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ba wani namiji babba da ya taɓa damuwa da ni haka. Na so mutumin nan, na faɗa ba kunya. Kuma duk gudun da muka yi mai nisa, ni nake riga ɗan kawuna isowa. Abu ɗaya ya fi ni, in aka zo dab da ƙarshe yana da wani fizga kamar an watsa masa ruwan zafi.

Sai aka sanar da gasa. Wanda ya zo na ɗaya a Gombe, shi kaɗai za a tura Maiduguri ya shiga 'yan wasan jiha. A lokacin gwamnati na da kuɗi, 'yan wasanta tana ba su aiki mai albashi, ta tura su karatu. Na gaya wa mahaifiyata cewa kwanan masinjanci ya ƙare. Mutum ɗaya muke tsoro, wani soja mai ƙirji kamar ƙyauren shago, wanda ba a taɓa wuce shi ba a garin.

Ranar gasa, muna ɗaura takalma, Baturen ya ja ni gefe.

Ya ce, "Yau ka fara da ƙarfi. Duk ƙarfinka, tun daga farko."

Na ce, "Maigida, ba kai ka hana ba?"

"Sojan nan ba ya son kowa a gabansa. Zai bi ka. A rairayi zai karye. Kai ba za ka karye ba, na san ƙirjinka."

Ya dafa kafaɗata. Shi ke nan, ban ƙara tambaya ba. Da a ce wuta ya nuna mini ya ce in bi ta ciki, da na bi.

Aka busa usur, na fita kamar ɓarawon da aka yi wa ihu. Sojan ya biyo ni, kamar yadda aka ce. Muka bar sauran tun kafin mu wuce shagunan Arawa. 'Yan dako da yara suna ta tafi a gefen hanya, ni kuwa kaina ya yi girma. Da muka faɗa kwari, na ji numfashin sojan ya sauya, ya koma kamar zuga-zugin maƙera. A hawa na biyu ya dafe ciki ya koma tafiya. Na ce a raina, Baturen nan waliyyi ne.

A hawa na uku ƙafafuna suka daina jin magana. Bakina ya bushe, idona ya fara ganin gonakin auduga bibbiyu. Na yi ta maza, na ci gaba da jan jiki. Saura kaɗan mu koma filin da muka taso sai na ji taku a bayana, natsattse, irin wanda aka koya mana. Ɗan kawuna ne. Ya zo daidai da ni, bai dube ni ba, ya wuce. Wasu biyu ma suka wuce. Na huɗu na zo, na zube a ƙasa ina amai.

Har zuwa lokacin kaina nake zargi. Na ɗauka ƙirjina ne ya ba Maigida kunya. Da yamma ɗan kawuna ya shigo ɗakina riƙe da kofin da ya ci, ya tsaya daga ƙofa.

Ya ce, "Yaya, ka yafe mini."

Jin Yayan nan a bakinsa ya sa na san akwai magana. Na ce, "In yafe me? Ai gudu ka yi."

"Tun ranar Laraba ya gaya mini. Ya ce kai za ka gajiyar da sojan, ni in tsaya a baya in jira. Ya ce kada in faɗa maka."

Na sa riga na kama hanyar GRA da ƙafafun da da ƙyar suke ɗauke ni.

Na tarar da Baturen a baranda. Bai yi mamakin ganina ba, bai kuma musa ba. Ya ce da mun yi gudun hankali mu uku, da sojan ya cinye mu a ƙarshe, don ni ba ni da fizga, ɗan kawuna kuma ba shi da ƙirjin da zai gajiyar da kowa. Sai ya shiga ciki ya ɗauko wani hoto, mutane cikin fararen duwatsu, shi a gaba, wasu a jere a bayansa. Ya ce a tserensu, in sabuwar ƙanƙara ta zuba, na gaba shi ke shan wuya, shi ke danne ta ya buɗe hanya, na baya su bi sawunsa da sauƙi. Shekarunsa duka wannan aikin aka ba shi. Ya nuna na uku a layi ya ce wancan ne ya ci kofi ranar, shi kuwa bai taɓa cin babba ba ko sau ɗaya.

Ya ce, "Na san abin da kake ji. Ni ne kai."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. Na ce, "Maigida, kai da za a tura ka gaba, ana gaya maka?"

Ya ce, "Ana gaya mini."

"To ni me ya hana ka gaya mini?"

Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce, "Ni da ake gaya mini, ban taɓa ba da duk ƙarfina ba. Kullum ina rage kaɗan don kaina. Kai yau ba ka rage komai ba. Ban taɓa ganin gudu mai kyau irin naka ba."

Yabona yake yi, har idonsa ya kawo ruwa. Mutumin da ya san ɗacin abin nan fiye da kowa a duniya, shi ya zauna ya auna yardar da na ba shi, ya ga za ta isa ta karya soja, ya kashe ta a kan haka. Ya ci amanata, kuma har ya bar Gombe ban ga alamar ya san ya ci ba. Shekaruna sun ja yanzu, an sha cutata a rayuwa, amma babu wadda na kasa mantawa sai wannan.

Ranar Litinin na koma aiki, don ba ni da wani. Wajen ƙarfe goma ya kira ni ofis. Ya buga takardar shaida da sunan ɗan kawuna, wadda za a haɗa da sakamakon gasa a aika Maiduguri. Ya sa ta a ambulan, ya lashi bakinta ya manne, ya miƙo mini, ya ce in kai ofishin wasanni kafin a tashi.

A hanya na bi ta gefen wata kwata mai ruwan ƙazanta, na tsaya a kanta na ɗan lokaci da ambulan a hannu. Na tuna kawuna da bai san komai ba, yana can yana karɓar barka. Na wuce.

Akawun ofishin ya buɗe takardar ya karanta, ya ɗaga kai ya dube ni tun daga ƙafa har sama, ya yi murmushi.

Ya ce, "Kai ne gwanin namu? Barka! Ka shirya, jibi za ku tafi."

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Ni aiko ni aka yi."