Ranar da Na Kai Yara Tsintar Leda

Shekarar da aka mayar da ni wata firamare a Tumfure, aji uku aka ba ni. Kullum daga unguwar Malam Inna nake shiga keke mai ƙafa uku, in isa bayana na ciwo, in tarar yara sun cika aji har bakin ƙofa. Da yawansu ba sa iya haɗa baƙi da wasali. Cikinsu akwai wata 'yar Fulani mai shiru, wadda babanta makiyayi ya kawo da kansa, ya ce yana so a gidansa a samu mai karanta takarda. Tana ƙoƙari, Allah ya sani. Ni ce dai ni kaɗai, su kuma ba sa ƙirguwa.

Wata Litinin hedimasta ya tara mu ya ce jibi baƙi za su zo daga ofishin ilimi su gwada karatun yara. Mu kuwa muna da al'adarmu tun kafin zuwana: in baƙi za su zo, a share fili, a jera masu ƙoƙari a gaba, sauran a san inda aka kai su. Ba wanda ya taɓa rubuta dokar nan, ba kuma wanda ya taɓa karya ta.

"Malama, kada ki ba mu kunya," in ji hedimasta. "Waɗanda kika san ba za su iya ba, a kai su bayan aji su tsinci leda."

"To, ranka ya daɗe."

Da hannuna na ware su, har da 'yar Fulanin nan, na kai su bakin gonar masarar da ke bayan makaranta. Baƙi suka zo, 'yan gaba suka zuba karatu kamar ruwa, aka yi ta gyaɗa kai.

Sai bayan makonni muka san dalilin gwajin. Shiri ne na shekara biyar aka tsara, da burin duk yaron da ya gama firamare a yankin ya fita yana karatu. Makarantun da suka faɗi za a tura musu ƙarin malaman karatu da littattafai. Mu da muka ci, takardar yabo aka aiko mana. Hedimasta ya sa mata gilashi ya rataye a ofis, har lemo ya saya mana.

Na halarci taron ƙaddamar da shirin. Muka rubuta buri a kwali da alƙalamin maka, muka manna a bango, aka tafa. An tambaya ko akwai mai magana. Ba zan ce tsoro ba ne, ba zan ce kunya ba. Zama kawai na yi, ina kallon fanka, ban ji komai ba. Haka na koma aji, haka shekaru suka bi juna. Yarinyar ta wuce aji huɗu, ta wuce biyar, don a wurinmu ba a maimaita aji.

Tana aji shida babanta ya zo da ita wata safiya, ya ce ni yake nema. Ya ciro kwalbar maganin shanu daga aljihu. Ya ce jiya ya miƙa mata ta karanta masa yadda ake bayarwa, ta yi ta kallon takardar har hawaye ya zubo.

"Malama, ke na sani tun tana aji uku," ya ce. "Shekara shida ban sa ta tallan nono ba. Ki gaya mini tsakani da Allah, kanta ne ba ya ja?"

Na karɓi kwalbar na karanta masa. Ya yi godiya, bai tafi ba, yana jiran amsa.

"Sai haƙuri, Baffa," na ce. "Kowa da irin baiwarsa."

A gabanta na faɗa. Ta sunkuyar da kai, ya kama hannunta suka bi hanyar gona. Ba ta sake zuwa makaranta ba.