Haɗin Man Des Kowald

Des Kowald makiyayin tumaki ne a yankin Mallee, kuma tun yana saurayi ba a taɓa ganin ya auna baƙin mai da gwangwani ba. Tsohon babur ɗinsa irin mai hayaƙin nan ne, wanda sai an gauraya masa baƙin mai cikin fetur. Des yakan tsiyaya, ya girgiza jarka, ya leƙa launin, in ya ga man ya rina fetur ɗin ya yi shuɗi, ya ce ya yi. Haka ubansa ya yi, haka maƙwabta suke yi.

Da likita ya hana shi tuƙin mota saboda idonsa, babur ɗin kaɗai ya rage masa na zagaya wuraren shan ruwan tumaki. 'Yarsa Narelle ta gaya masa ƙiri-ƙiri: ranar da babur ya mutu, a sayar da tumaki, ya koma wajenta a garin Mildura.

Ran wata Talata babur ya shaƙe a tsakiyar makiyaya. Des ya turo shi har rumfa cikin rana. Ya kwance filogi, wuta na kamawa. Ya wanke kafireta, ya hure ta. Ya zura waya a salansa ko zanzaro ya yi gini, babu komai. Kik ɗin tayar da injin kuwa ya yi sakwaf, ba nauyi.

Maƙwabcinsa Lofty ya leƙo.

"Tsoho, har yanzu ba ka binne gawar nan ba?"

"Kai za a fara binnewa. Miƙo sifana."

Suka buɗe injin. Fistin ya ƙone, ya kakkarce jikin silinda. Lofty ya daina dariya. Ya zuba man jarkar a tafin hannu, ya murza.

"Wa ya haɗa maka wannan?"

"Ni mana. Ba ka ga shuɗinsa ba?"

"Des, fari ne tas. Kusan zallan fetur."

Des ya kai jarkar bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana leƙawa.

"Ina da wani inji a bayan rumfata," in ji Lofty a hankali. "Ba sai Narelle ta ji ba."

Des ya ajiye jarkar, ya goge hannu a wando.

"Inji dai ana samu," ya ce. "Ka duba min ruwan tumakin da yamma. Bari in kira yarinyar nan."