Gurbin da Uwaisu Ya Ƙara

Ranar Talata ce. Ƙarfe biyar da rabi na asuba Uwaisu ya shigo masallaci bayan an yi raka'a ɗaya, kamar yadda ya saba, ya tsaya a ƙarshen sahu. Ɗana ne, amma ba ɗan fari ba ne, shi ne na biyu, don haka ina iya faɗin sunansa, kuma zan faɗe shi duk yadda na ga dama.

Ƙarfe bakwai ya shigo sashena da kofin kununsa, ya cinye mini ƙosai biyu, sannan ya tambaye ni shekarar da aka haifi kakata. Na ce masa shekarar fara.

"Baba, manhaja ba ta karɓar fara. Lamba taka so."

"Ita ma kakata ba da son ranta ta karɓe su ba."

Ƙarfe takwas ya tafi aiki. Ma'aikacin ɗakin kati ne a wani ƙaramin asibiti a nan Wurno, shekara tara yana jera katunan mutanen da ke mance lambarsu. Ƙarfe goma da kwata ɗan'uwana Mode ya buga masa waya daga Dinawa. Ɗansa Khalid yana neman auren wata yarinya Rumaisa, ita ma jininmu ce ta wajen mata, yana so Uwaisu ya duba masa a kwamfuta ko akwai shan nono tsakaninsu. Uwaisu ya ce masa ya dakata tukuna, akwai abin da zai je ya tabbatar. Ƙarfe ɗaya da rabi ya yi azahar a gida, ya ci dambu, ya ce wa matarsa Mashkura gishiri ya yi yawa, ya ƙara faranti na biyu. Ƙarfe biyu ya hau babur zuwa Kagara ta ƙasar Goronyo. Bai ɗauki kwamfutar ba, domin batirinta ya mutu tun bara, sai an jona ta da wuta take aiki. Ƙarfe biyar saura, a hanyarsa ta dawowa, wata babbar mota mai ɗauke da albasa ta kauce wa rami. Ramin yana nan har yau, babu abin da ya same shi.

Ƙarfe biyar da minti goma aka kira ni. Washegari da hantsi muka yi masa sutura. Shekararsa talatin da huɗu, ya bar mata da 'ya'ya biyu.

Uwaisu bai yi fice a komai ba. A makaranta yana tsakiya, a ƙwallo yana benci. Abin da ya iya shi ne jera abubuwa. Yana ɗan shekara shida ya jera mini takardun jarrabawar ɗalibaina bisa tsawon sunayensu, na kwana biyu ina gyarawa. Ni malamin lissafi ne, na yi jami'a, na so ya zama injiniya. Ya yi difloma a kan adana bayanan marasa lafiya, ya dawo gida yana murna.

Abin da ya sa shi aikin salsala ya faru shekara takwas da suka wuce. Ɗiyar ƙanwata, Sabuwa, ta yi shekara huɗu da mijinta, da 'ya'ya biyu. Sai yayata Laraba ta dawo daga wani dogon zama da ta yi a Nijar, ta ga mijin a wurin suna, ta tambayi ɗan wa ye, ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta.

"Waɗanga ai nono guda sunka sha. Ni da hannuna na miƙa shi ga uwatta, ran da tashi uwar ta tahi jana'iza Rabah."

Aka raba auren. Mazan gidan, mu da muka ɗaura shi da manyan riguna, babu wanda ya san komai, domin ba mu taɓa sanin abin da ke faruwa a cikin gida bayan ƙarfe bakwai na safe ba. Sabuwa ta yi shekara ba ta shiga taro.

Uwaisu ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya sa mata manhajar rubuta salsala. Ya nuna mini gurabenta. Akwai gurbin haihuwa, da na aure, da na mutuwa. Akwai na shiga soja, da na ƙaura ta jirgin ruwa, da na ƙone gawa. Waɗanda suka ƙera ta sun yi tunanin duk abin da zai iya samun ɗan Adam, ban da mace ta ɗauki jaririn maƙwabciyarta yana kuka ta ba shi nono. Amma sun yi karamci, sun bar wata kafa inda mutum zai ƙirƙiri gurbin kansa. Nan Uwaisu ya ƙara nasa, ya sa masa suna Shan Nono. A ciki yana rubuta wadda ta shayar, da wanda aka shayar, da gari, da lokaci gwargwadon yadda aka tuna, da shaida ta farko, da shaida ta biyu.

Duk Asabar yana gaban wata tsohuwa a Rabah ko Kagara ko Dinawa, da goro da sabulu. Dangi suka sa masa suna Alƙalin Nono. Masu dariyar nan su ne suka riƙa kiransa a waya da murya ƙasa-ƙasa duk sanda ɗansu ya ga yarinya. Kafin Laraba ta rasu bara ya kwashe abin da ke kanta kaf. Ya shigar da mutum dubu ɗaya da ɗari tara da wani abu, da shan nono ɗari uku da goma sha biyu.

Ranar sadakar bakwai ɗan ƙanena Bilyaminu ya zo ya durƙusa gabana. Yana da digiri a ilimin kwamfuta da shagon buga takardu a Rabah, kuma ba ya barin mutum ya mance da ko ɗaya.

"Baba, aikin marigayi bai kamata shi zauna cikin wagga tsohuwar na'ura ba. Ran da ta mutu shi ke nan. Bari in ɗauke shi in sa ga manhajar waya, kowa shi gani."

Maganarsa gaskiya ce, shi ya sa na yarda. Ya yi mini bayani cewa akwai wani irin fayil na musaya wanda duk manhajojin salsala suka amince da shi, wannan ta rubuta, waccan ta karanta. Aikin bai kai minti biyar ba. Wayarsa ta nuna koren rubutu cewa an yi nasara. Mutum dubu ɗaya da ɗari tara suka bayyana da hotunansu, dangi suka yi ta tura wa juna, wani kawu a Legas ya yi kuka da ya ga kakansa. Babu wanda ya nemi shan nono, ni ma ban nema ba. Ina karɓar gaisuwa.

Bayan sati uku na ji an sa ranar kai kayan Khalid da Rumaisa. Na kira Mode.

"Yaya, ai an duba. Bilyaminu ya duba min ga waya, babu komi."

"Mi Uwaisu ya ce maka ran Talata?"

"Ya ce in dakata. To, Allah ya yi ikonai, dakatawa har yaushe?"

Na karɓi kwamfutar daga wajen Mashkura, ita ta san kalmar buɗewa. Na jira aka kawo wuta da rana, na jona, na sa Bilyaminu ya zo ya zauna kusa da ni da wayarsa. Muka buɗe Rumaisa a wuri biyu. A waya akwai sunanta, da iyayenta, da ranar haihuwa, sai wani layi da aka rubuta wa "wani lamari", babu komai a gabansa. A kwamfuta layin nan yana da suna da ciki. An rubuta cewa Sadiya, marigayiya mahaifiyar Khalid, ta shayar da Rumaisa kwana goma sha ɗaya a Kagara, lokacin da ta je wankan jego gidan iyayenta, ita kuma uwar Rumaisa tana kwance asibiti ba ta san inda take ba. Shaida ta farko Laraba. Shaida ta biyu babu, sai alamar tambaya da sunan wata Tani.

Bilyaminu ya buɗe fayil ɗin musayar da kansa, ya yi ta gangarawa. Bayanin yana ciki, ba a goge shi ba. Tsohuwar manhajar ta rubuta shi da ɗan layi a gaban sunan gurbin, alamar cewa wannan na gida ne. Sabuwar ta zo wurin, ta ga ba ta san shi ba, ta tsallake, ta ci gaba da aikinta cikin ladabi. Sau ɗari uku da goma sha biyu ta yi haka, kuma a ƙarshe ta taya mu murna.

"Baba, laihin marigayi na, Allah shi jiƙanai. Da ya sa shi ga gurbin sharhi da ya wuce lahiya lau. Ba a ƙirƙirar gurbi in ana son bayani shi yi tahiya."

"To. In na same shi ni hwaɗa mai."

Ya rufe fayil ɗin. Na san ba da mugunta ya faɗa ba, kuma na bincika daga baya na ga a fannin sana'arsa bai yi ƙarya ba. Uwaisu ya zaɓi gurbi na musamman ne don ya iya tace jama'a da shi, ya ga duk wanda mace guda ta shayar a jere. A sharhi ba a iya haka. Ya gina abin ne don tambayar da ake yi masa a waya, bai gina shi don ranar da ba ya nan ba. Yana da shekara talatin da huɗu, ban ga laifinsa sosai ba.

Ranar Alhamis na shiga mota zuwa Kagara. Mun bi ta wurin, direba ya kauce wa ramin da kyau. Tani tsohuwa ce, idonta ya tafi amma kanta yana nan. Na gaishe ta, na faɗi ko ni wane ne.

"Kai ne uban yaron ga mai tambaya? Ya zo nan ran da abin ya hwaru. Ya sha hura, ya ce ta yi tsami, ya ƙara."

"Inna, mi kinka ce mai?"

"Abin da na gani. Sadiya ta ba ɗiyar nono, ba sau guda ba, ba sau goma ba. Ni ka kai mata ita da sahe in ɗauko da marece. Ya rubuta ga takarda ya sa aljihu."

Takardar ba mu same ta ba. Rigar ma ba a dawo mana da ita ba.

Na koma gida na cike gurbin shaida ta biyu da hannuna. Na ɗauki kusan rabin awa, domin ban san inda haruffa suke ba. Sannan na kai maganar gaban malamin da zai ɗaura auren, tare da Mode da waliyyin yarinyar. Ya aika aka sake jin ta bakin Tani, ya ce a bar maganar auren nan. Aka bar ta. An gaya mini Rumaisa ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba. Khalid yana ganina a kasuwar Wurno ya duba wayarsa. Ina ganin yana da haƙƙin haka. Mode kuwa ya ce da ma shi tun farko zuciyarsa ba ta kwanta ba, abin da bai hana shi sayen akwati ba.

Na sa Bilyaminu ya rubuta wa dangi cewa abin da ke wayarsu sunaye ne da hotuna kawai, kada wanda ya ɗaura aure a kansa. Mutum huɗu suka amsa. Ɗaya ya tambaya ko za a iya gyara masa hotonsa.

Bayan Mashkura ta fita takaba aka zauna rabon gado. Abin da ya bari ba shi da yawa. Gonar albasarsa ta fadama aka bar wa yaran, ƙanensa zai riƙa nomawa. Baburin aka ba makaniki ya cire abin da zai ciru. Tufafinsa mahaifiyarsa ta raba, ta riƙe hula ɗaya. Da aka zo kan kwamfuta, Bilyaminu ya ba da shawarar a goge ta, a sa mata sabon batiri, yaran su koyi karatu da ita, tunda an riga an kwashe abin da ke ciki. Na ce a sa ta cikin rabona. Malamin da ke rabon ya dube ta, da tsagewar murfinta da harafin da ya ɓalle, ya tambaye ni ko na tabbata, akwai tinkiya biyu da ba a yi maganarsu ba. Na ce na tabbata.

Tana ɗakina a kan tebur. Ban bari a haɗa ta da intanet ba, ban bari a sabunta mata komai ba. Duk sanda aka kawo wuta ina kwafe gurbin a babban littafi mai kauri, da biro, kowane shan nono shafinsa, yanzu ina na tamanin da bakwai. Jakar da yake saka ta a ciki Mashkura ta roƙa, na ba ta.