Kumburin da Aka Kira Ƙiba

Ni ne ɗan fari a gidanmu da ke Yalwawa, cikin Dutse. Lokacin da wannan abu ya faru ban daɗe da kammala digiri ba, ina jiran tafiya bautar ƙasa. Mahaifina, wanda muke kira Abba, malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Yana da wa guda ɗaya, Baffanmu, mai fataucin shanu a Taura, mutumin da ba a taɓa mayar masa da magana a zuri'armu ba.

Abba ya sami bugun zuciya, ya yi jinya, Allah ya tashi kafaɗunsa. Kafin a sallame mu daga asibiti, likita ya bayyana mini cewa bugun ya lalata naman da ke riƙe da wani murfi a cikin zuciyar. Murfin ya daina rufuwa daidai, saboda haka jini yana yoyo ya koma baya, ruwa kuma ya taru a huhu da ƙafafu. Ya ba da ƙwayar da ke fitar da ruwan ta hanyar fitsari, ya hana gishiri da kanwa, ya ce a kai shi Kano a duba ko murfin yana buƙatar aiki.

Baffa ya zo dubiya, ya sauka a zaure tamkar wanda ya zo karɓar mulki. Da ya lura Abba yana yawan zagawa, sai ya tambayi dalili. Cikin jin nauyi Abba ya ce ƙwayar ba ta barin alwalarsa ta daɗe, alhali ya saba zama a masallaci daga Magariba zuwa Isha'i. Nan take Baffa ya yanke hukunci cewa maganin da ke raba dattijo da alwalarsa ba magani ba ne. Ya zuba ƙwayoyin a aljihun babbar rigarsa, ya sa aka haɗo jiƙon sassaƙe mai jar kanwa. Batun Kano kuwa, ya ce muddin yana numfashi ba wanda zai tsaga ƙirjin ƙaninsa kamar ragon layya. Na durƙusa na maimaita masa bayanin likita. Ya dube ni sheƙeƙe, ya tambaya ko digirin nawa na koya wa manya fitsari ne. Mutanen zaure suka kwashe da dariya. Na sayo wasu ƙwayoyin a ɓoye, Abba ya ƙi sha, ya ce ba zai saɓa wa yayansa saboda maganar ɗan cikinsa ba.

Sannu a hankali cikin Abba ya tasa, ƙafafunsa suka cika har takalmi ya daina shiga. Masu dubiya suka riƙa cewa ma sha Allah, Malam ya murmure har ya yi ƙiba. Baffa yakan ɗaga ƙafar wandon Abba ya nuna musu ƙaurin, yana yabon jiƙonsa. Ba ya gaya musu cewa mutumin nan a zaune yake barci, domin da ya kwanta numfashi ke gagararsa. Alwala ta zauna, amma mai alwalar ya kasa takawa zuwa masallaci, har sujada ta fi ƙarfinsa.

Wata rana bayan Azahar Abba ya fara tari yana fitar da kumfa. Muka garzaya da shi asibiti a a-daidaita-sahu. Likita ya tambayi wanda ya dakatar da maganin, Baffa ya mayar da idonsa kan bango. Abba bai kai La'asar ba. A zaman makoki, da kunnena na ji Baffa yana shaida wa jama'a cewa asibiti ne ya ƙarasa masa ƙane.

Na yi imani da ajali, amma imanin bai wanke wanda ya sa hannu ya ɗauke magani ba. Ina gaishe shi don haƙƙin zumunci, gaisuwar ba ta wuce leɓena. Ga wanda ke jinyar mai ciwon zuciya, kumburi bayan bugu ba ƙiba ba ne, a koma asibiti a ranar. Batun alwala kuma a tambayi malamai, addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Girman shekaru ba ya rufe murfin da ke yoyo.

Abin da muka rasa: uba ɗaya. Baffa ɗaya, ko da yake yana raye.